Daga Tukuba Zuwa Rabin Duro: Tarihin Wutar Gashi da Banda a Ƙasarmu

Duk shekara idan Babbar Salla ta ƙarato, akwai wata tambaya da ke kai-kawo a tsakanin 'yan'uwanmu 'yan asalin Boɗinga da Shagari mazauna Abuja, Kaduna, Legas da Fatakwal, tambayar da iyayenmu ba su taɓa yi wa junansu ba. Rago dai an saya, an ɗaure shi a bayan gida, to amma a kan me za a gasa shi? Wani ya ce a tafi wurin mai walda ya tsaga duro biyu ya ɗora masa raga. Wani ya ce ai wannan tsohon yayi ne, a manyan kantuna akwai murhun gawayi mai murfi da tayoyi wanda ake shigowa da shi daga waje. Wani kuma ya ji labarin na yumɓu mai siffar ƙwai, wanda kuɗinsa ya isa sayen raguna da dama. A ƙarshe sai ka tarar an kashe kuɗi, nama kuma ya ƙone a waje cikinsa da jini, ko kuwa ya kwana biyu ya fara wari domin an ɗauke wutar lantarki firiza ta saki.

A wannan fitowa mun ga ya dace mu waiwayi tarihi, domin mun lura cewa tun a wurin tambayar ake sakin hanya. Kafin a tambayi wane murhu, kamata ya yi a tambayi wace wuta. Magabatanmu wuta biyu suka sani a sha'anin nama. Akwai wutar gashi, mai zafi da gaggawa, wadda ake yi wa naman da za a ci yanzu-yanzu. Akwai kuma wutar banda, mai sanyi da hayaƙi, wadda ake yi wa naman da ake son ya kai wata guda ko fiye. Kowace da irin itacenta, kowace kuma da masu ita.

Abin da tarihi ya adana

Ƙasarmu ƙasar dabbobi ce tun asali. Garin Shagari kansa Fulani makiyaya ne suka kafa shi, kakannin marigayi Shugaban Ƙasa Alhaji Shehu Shagari. Jar akuyar Sakkwato da shanun bokoloji kuwa da sunan wannan yanki duniya ta san su. Inda dabba ta yawaita, fawa ba ta rasa gindin zama. Lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa, daga wajen shekarar 1810 zuwa 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana nan Boɗinga, wannan ɗan tsakani namu ya cika da malamai da almajirai da mayaƙa da baƙi daga kowace kusurwa, kuma duk wannan taro sai an ciyar da shi. Shehu kansa bai ɗauki sha'anin mahauta ƙaramin abu ba. A cikin littafinsa Kitabul Farƙi, inda ya lissafa zaluncin sarakunan da ya tarar, ya ambaci naman da mai kula da kasuwa ke karɓa daga hannun mahauta kowace ranar kasuwa, abin da ake kira tawasa a wancan zamani. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa fiye da shekara 200 da suka wuce fawa ta riga ta zama sana'a mai tsari, mai rumfa a kasuwa, mai ribar da har masu mulki ke sa mata ido.

Yadda ake gasa naman kuwa, wani baƙo ne ya bar mana hotonsa a rubuce. A farkon shekarar 1824 Baturen nan Hugh Clapperton ya sauka Kano kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Da ya zaga kasuwa sai ya ga masu gashi kusa da mahauta, a fili, babu komai gabansu illa wutar itace da aka kewaye da tsinkaye, an tsira musu 'yan yankan nama ƙanana, tsoka da kitse bi da bi. Ya yaba da tsabtar wurin, ya kuma ce mace ce ke zaune da faifai a cinya tana raba wa masu saye. Mai karatu zai lura da abu biyu. Na farko, wannan tukuba ce sak, irin wadda da yawanmu muka tashi muka gani a kasuwannin ƙauyukanmu. Na biyu, babu ƙarfe ko raga a cikin labarin, kuma nama a gefen wuta yake, ba a bisanta ba.

Bayansa da kusan shekara 30, a 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ga kasuwar Sakkwato cike da ɗaruruwan shanun yanka, ya kuma yabi ingancin ƙarfen da ake sayarwa a cikinta. Daga nan ya biyo ta Boɗinga ya nufi Gwandu wurin Sarki Halilu ɗan Abdullahi. Ashe ke nan ga nama, ga ƙarfe, ga maƙera. Da mahautan wancan zamani sun ga buƙatar murhun ƙarfe da sun sa an ƙera musu. Ba su gani ba, kuma suna da dalili.

Hikimar tukuba

Tukuba ba wani abu ba ce illa tudun ƙasa da toka da aka tara a kewaye, aka bar rami a tsakiya don wuta. Mai tsire yakan yanka nama falle-falle, ya tsira a tsinke, ya barbaɗe shi da garin ƙuli-ƙuli da yaji da gishiri, ya shafa masa man gyaɗa, sa'annan ya kafa tsinkayen a jikin tudun suna ɗan karkata wajen wutar. Gyaɗa da barkono, in za mu yi ɗan ratse, baƙi ne a ƙasar Hausa. Daga nahiyar Amurka suka fito, jiragen ruwan Turawan Fotugal suka kawo su gaɓar Afirka bayan shekarar 1500, saboda haka wutar tsire ta girmi yajinsa.

A wannan tsari mai kama da wasan yara akwai ilmi mai yawa. Zafin garwashi da na harshen wuta yana bugun naman daga gefe, ya ƙame bayansa da sauri ya ba shi launin ja mai duhu da ƙanshin nan da ke kiran mutum daga nesa, alhali cikinsa bai bushe ba. Kitsen da ya narke kuma gangarowa yake ta jikin tsinke ya sauka a kan ƙasa, ba ya faɗawa cikin wuta balle ta tashi ta lashe naman da baƙin hayaƙi. Masu bincike a fannin abinci sun tabbatar da cewa hayaƙin kitsen da ya ɗiga a kan garwashi yana ɗauke da sinadaran da ake dangantawa da ciwon daji, kuma sukan manne a jikin nama. Mai tukuba bai karanta wannan a littafi ba, amma harshensa ya gaya masa cewa naman da kitse ya ƙone a ƙarƙashinsa ɗaci yake yi. Bugu da ƙari, ba ya buƙatar wani maɓalli na rage zafi ko ƙara shi. Tsinken da ya nuna sai a zare shi a kafa can baya inda zai zauna da ɗumi, ɗanye kuma a matso da shi gaba. Idan iska ta juya, shi ma sai ya juya tsinkayensa. Tafin hannunsa shi ne ma'auninsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin tukuba da almuru a ranar kasuwa ya san cewa hannun mai tsire ba ya hutawa, kuma a nan sirrin yake.

Banda kuwa wata duniya ce daban. Ita sana'ar mafarauta ce da masunta da matan gida, waɗanda damuwarsu ita ce kada nama ya lalace a ƙasar da zafin bazara kan haura digiri 40. Akan kafa 'yar rumfa ta itace, a shimfiɗa nama ko kifi a bisa, a hura wuta can ƙasa da nisa, a danne ta don kada ta yi harshe, a bar hayaƙi da ɗumi su yi ta aiki yini da kwana, wani lokaci har kwana biyu ko uku. Ruwan jikin naman yakan fita a hankali, hayaƙin kuma ya kori ƙuda ya hana ruɓa. Ba kowane itace ake sa wa banda ba. Itace mai ƙarfi irin su ƙirya da marke shi ke daɗewa yana ci, tumfafiya kuwa ba a ko kusantar da ita. Kilishi, wanda ya fi duka suna, yana tsakanin biyu ne: rana ce ke yin bandarsa, wuta kuma leƙa shi kawai take yi a ƙarshe bayan an tsoma shi a labu ya sake bushewa.

Wuri guda da wutar biyu suka haɗu shi ne ragon layya. A ƙasar Sakkwato, haka kuma a maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar, al'adar ita ce a feɗe rago a banƙare shi ɗungurungum a kan sanduna biyu da aka gitta, a shafe shi da gishiri, a jera shi tare da na maƙwabta a gefen doguwar wuta. Tun da rana ake farawa har dare ya raba, ana juyawa, ana matsarwa ana janyewa, kitse na tsiyaya a kwanon da aka ajiye a ƙasa. Washegari a sassare a rarraba wa dangi da mabuƙata, saura kuma mata su soya. Wannan tukuba ce aka faɗaɗa, aka kuma ba ta haƙurin banda. Amfaninta a fili yake idan muka tuna cewa daga 10 ga Zulhajji zuwa 10 ga Muharram wata guda ne cur, kuma a gidajenmu akan ajiye wani abu na ragon layya, musamman wutsiya, don tuwon Cika-ciki. Babu firji, babu lantarki, amma naman yakan kai.

Yadda ƙarfe ya shigo

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, hanyoyin fatauci suka karkata zuwa kudu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, bai dai ƙaraso mana ba, amma shanunmu da mutanenmu sun bi shi. Unguwar Sabo ta Ibadan an kafa ta a 1916, kuma cinikin shanu da goro shi ne ƙashin bayanta. Mahauta da 'yan cirani suka ɗauki tsire suka kai shi Ikko da Kumasi da Akra da Duwala. A can ne ma sunansa ya sauya. Mutanen kudu suka kira shi suya, alhali a wurinmu suya da mai ake yin ta a kasko, gashi kuma daban. A Gana ana ce masa cicinga, a Kamaru soya, a Sudan agashe, a Dakar kuma har yau akwai gashin da ake kira da sunan Hausawa.

To amma birni ba ya son tukuba. Ba a tara tudun ƙasa a bakin titin kwalta, itace yana da tsada da hayaƙi, mai saye kuma yana sauri. Sai aka waiga ga duron kananzir da na fetur, mai cin lita 200, wanda kamfanonin Turawa suka cika ƙasar da shi. Aka tsaga shi biyu, aka yi masa ƙafafu, aka ɗora ragar waya a bakinsa. Nama ya bar gefen wuta ya hau kanta. Ga balangu wannan ya yi daidai, domin shi dama a shimfiɗe ake gasa shi, amma tsire ya yi asarar wani abu, kuma dattawan da suka ci na tukuba ba su daina faɗa ba.

Gawayi shi ma baƙo ne a madafa. A da can kayan maƙera ne, su ke toya shi da kansu daga ƙirya don zuga ƙarfe, sai kuwa kaskon jin ɗumi da hunturu da na turaren wuta, daga baya dutsen guga da kurfotin mai shayi. Abin da ya tura shi cikin gidaje shi ne ƙarancin itace bayan farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984, sai kuma wahalar kananzir ta zamanin mulkin Janar Sani Abacha, daga 1993 zuwa 1998, wadda har ta bar wa wani murhu sunansa. Tsadar makamashi da ta biyo bayan janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023 ta ƙara tura mutane gare shi. Ya kamata mu san farashin wannan na gaskiya. A irin toyin gargajiya da ake rufe itace da ƙasa, sai an ƙone kusan kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a sami kilo 1 na gawayi. Jihar Sakkwato kuwa tana cikin jihohi 11 na Arewa da hamada ke ci, waɗanda aka sa cikin shirin nan na dasa katangar bishiyoyi. Wanda ya bi hanyar Boɗinga zuwa Shagari a yau ya nemi ƙiryar da kakanninsa suka sani, zai sha kallon dogon yaro da sabara kafin ya ga guda. Saboda haka murhun da ke cin gawayi kamar ba gobe, ba aljihun mai shi kaɗai yake cuta ba.

Na kanti, da abin da ya kamata a duba

Su ma murahun waje kowane da tarihinsa, kuma yawancinsu daga tarkace suka fito kamar rabin duronmu. Mai siffar ƙwarya biyu da aka kifa, wanda kamfanin Weber ya yi suna da shi, wani ma'aikacin ƙira ne mai suna George Stephen ya fara yin sa a 1952 kusa da birnin Shikago na Amurka, ta hanyar tsaga ƙwallon ƙarfen da ake sa wa jiragen ruwa alama a kan ruwa. Mai dogon ciki da ɗan ɗakin wuta a gefe, a yankin rijiyoyin mai na Tekzas ya yi ƙarfi, inda masu walda suka riƙa yin sa da bututun mai. Na yumɓun nan mai tsada kuwa jikan tukunyar girki ce ta mutanen Japan. Idan aka duba da idon basira, abin da duk suke sayarwa shi ne murfi da ƙofar iska, wato hanyar da za a kange nama daga wuta, a kuma sarrafa numfashinta. Tukuba da tazara take yin wannan aiki, su kuma da rufi.

Ga namu ra'ayin. Wanda buƙatarsa ba ta wuce tsire da balangu da kaza a ƙarshen mako ba, rabin duro ya ishe shi, kuma kuɗin da zai kai kanti gara ya kai wa mai walda. Sai dai a kiyaye abubuwa kaɗan. A tabbatar da abin da duron ya taɓa ɗauka, domin wanda aka zuba wa maganin ƙwari ko wani sinadari ba ya tsarkaka da wanki. Ko na mai ne, sai an hura masa wuta mai ƙarfi babu nama har fentin ya ƙone ƙurmus. A guji ragar waya mai farin shafe irin ta shingen kaji, a sa a yi ta da sandunan ƙarfe masu kauri, waɗanda ke riƙe zafi su bar zane a jikin nama. A huda ƙofofin iska a ƙasa, a zuba yashi ko toka a gindi don kada ƙarfen ya cinye cikin damina biyu. Abin da ya fi duka muhimmanci, a tara garwashi a gefe guda a bar ɗaya gefen babu komai. Wannan shi ne gaba da bayan tukuba: a ƙame nama a kan zafin da ya kai digiri 250, a janye shi gefe ya ƙarasa nuna a hankali.

Wanda kuma yake son banda, ko gasa cinyar rago sukutum, buɗaɗɗen murhu ba zai yi masa ba, komai kyansa. Dole sai da murfi, ko dai na kanti, ko a ce wa mai walda kada ya jefar da ɗaya rabin duron, ya mayar da shi marufi da 'yar ƙofar hayaƙi a sama. Irin wannan aiki zafin digiri 100 zuwa 120 yake so na sa'o'i masu yawa, kuma rufaffen murhu yakan yi shi da gawayi kaɗan ƙwarai idan aka gwada da buɗaɗɗe. Na yumɓu ya fi kowane riƙe zafi da tsimin gawayi, wannan gaskiya ne, amma yana da nauyi, yana tsagewa, kuma ga ɗan haya da ke ƙaura daga gida zuwa gida wahala ce kawai. Mai gidan kansa da ke da fili a baya, mu a ganinmu, gara ya gina na bulo da laka. Matan Chorkor da ke gaɓar Akra tun 1969 suke amfani da irin wannan tanda ta ƙasa mai farantan raga hawa-hawa wajen bandar kifi, kuma ta yaɗu a Afirka ta Yamma ne saboda tsimin itacenta. Masuntan madatsar ruwa ta Shagari ma da sun same ta da ta yi musu rana.

Gargaɗi guda ga mazauna benaye: gawayi yana fitar da iskar da ba a gani, ba a jin warinta, kuma tana kisa. Ba a shigar da murhu mai garwashi cikin ɗaki ko kicin ko gareji, ko da ruwan sama ya tsuge, ko da wutar ta yi kamar ta mutu. Idan an gama aiki a rufe ƙofofin iska garwashin ya mutu da kansa, ragowar gawayin kuma ta yi wani gashin.

Game da wutsiyar Cika-ciki, ɗan birni ma yana iya ajiye tasa ba tare da ya dogara da firiza ba. A shafe ta da gishiri sosai, a ɗora ta a gefen da babu garwashi, a jefa ɗan guntun busasshen itace mai ƙarfi a wutar don hayaƙi, a rufe, a bar ta yini guda ana leƙawa. Idan ta huce a rataye ta inda iska ke ratsawa, cikin kwando ko raga, ba cikin leda ba, kuma duk bayan 'yan kwanaki a sake nuna mata ɗumin wuta har watan Muharram ya kama.